Aikin Kalma a Jimla Shi Ke Nuna Ajinta: Tsokaci Kan Misalan Ɗalibai a Nahawun Turanci

Gabatarwa

Lokacin da nake aji ɗaya, a jarrabawar kwas ɗin Turanci da ake wajabta wa kowane ɗalibi, an ce mu yi amfani da kalmar "fast" a matsayin bayanau. Ni kuwa sai na rubuta "He bought a fast car." Jimlar ba ta da aibu, amma ban sami maki ko ɗaya ba, domin sifa na kawo alhali bayanau aka nema. Wannan kuskure ya zama ruwan dare a tsakaninmu, kuma illarsa ba ta tsaya ga faɗuwa jarrabawa ba. Da yawa daga cikinmu aji za mu shiga lokacin bautar ƙasa, kuma abin da muka rubuta a allo shi yara za su kwafa. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa ba ma'anar kalma ko fassararta ke nuna ajinta ba, aikin da take yi cikin jimla shi ne ma'auni.

Asalin Rabon

A makaranta an koya mana cewa azuzuwan kalmomin Turanci takwas ne. Wannan adadi gado ne daga nahawun Girkanci da ake dangantawa ga Diyonisiyus Tiras, wanda ya rayu fiye da shekara 2,000 da suka wuce, kuma a jerinsa sifa ba ta da ajin kanta. Shi kuwa Lindley Murray, a littafinsa na nahawun Turanci na 1795, tara ya lissafa. Ke nan rabon tsari ne na masana, kuma kowane harshe da yadda yake raba nasa kalmomin.

Ma'ana Ɗaya, Azuzuwa Uku

Mu ɗauki zancen tsawon mutum. Bature zai ce "He is tall," inda "tall" take sifa. Bayarabe zai ce "Ó ga," kuma "ga" aikatau ce. Bahaushe yana iya cewa "Yana da tsawo," inda "tsawo" take suna. Ma'ana ɗaya ce, amma azuzuwa uku.

Hausa tana da sunaye masu yawa irin wannan: zafi, sanyi, nauyi, zaƙi, ɗaci, faɗi. Masanin nan F. W. Parsons ya yi rubutu a kansu tun 1955. Ɗalibin da ke tunani da Hausa kan faɗa rami a nan, domin ya ga "zafi" a ƙamus an ba ta "heat" da "hot" duka biyu. Sai ya rubuta "The tea is heat" ko "The tea has hot." Daidai shi ne:

1. The tea is hot. A nan "hot" sifa ce.
2. The heat is too much. A nan "heat" suna ce.

Haka abin yake ga "hungry" da "hunger", ko "angry" da "anger". Ta farko sifa ce, ta biyu suna.

Kalma Ɗaya, Ayyuka Da Yawa

Mu koma ga kalmar da ta kayar da ni:

3. He bought a fast car.
4. She runs fast.
5. Muslims fast in Ramadan.
6. They broke their fast at sunset.

A misali na 3 sifa ce, domin tana siffanta mota. A na 4 bayanau ce, tana bayyana yadda ake gudun. A na 5 aikatau ce, a na 6 kuma suna. Rubutun bai canja ba, gurbi ne ya canja. Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. A "baƙin doki", kalmar "baƙi" sifa ce, amma a "Baƙi ya fi fari kama zafi" ta zama suna.

Wasu Tarkuna Huɗu

Na farko shi ne ɗafin "-ly". An saba gaya mana cewa alamar bayanau ne, amma "friendly" da "lovely" sifofi ne. Saboda haka "She spoke friendly" kuskure ne, sai dai a ce "She spoke in a friendly way." Haka kuma "He works hard" yabo ne, amma "He hardly works" na nufin da ƙyar yake taɓa aiki. Wanda ya rubuta wa wani takardar shaida da jimla ta biyu ya cuce shi.

Na biyu shi ne tagwayen kalmomi irin su "advice" da "advise". Ta farko suna ce, ta biyu aikatau: "I need your advice," amma "Please advise me."

Na uku shi ne kalmomi masu ƙarewa da "-ing". A "Reading is good," kalmar "reading" aikin suna take yi, domin ita ce a gurbin aikau, kamar "karatu" a "Karatu yana da daɗi." A "She is reading" kuwa, ɓangare ce ta yankin aikatau. Idan an nemi misalin aikatau, kada a kawo irin ta farko.

Na huɗu ya shafi wakilin suna. A Hausa dole a ce "Audu ya tafi," ba a cewa "Audu tafi" idan labari ake bayarwa. Wanda ya ɗauki wannan tsari ya kai Turanci sai ya rubuta "Audu he went," alhali "Audu went" ya wadatar. Masu Yarbanci da Ibo kuma sukan rikita "he" da "she", saboda harsunansu ba su bambanta jinsi a wakilin suna.

Akwai kuma "Off the light" da muke ji kullum a ɗakunan kwana. Kowa ya fahimta, amma a daidaitaccen Turancin da ake jarraba mu da shi, "Switch off the light" ake so, domin "switch" ce aikatau.

Yadda Za a Gwada Misali

Kafin ka miƙa takarda, gwada kalmar a gurbi:

a. Idan ta zauna bayan "the" ita kaɗai, kamar "The heat is bad," suna ce.
b. Idan ta zauna bayan "will" ko "can", kamar "They will fast," galibi aikatau ce.
c. Idan ta zauna tsakanin "a" da suna, kamar "a hot day," mai yiwuwa sifa ce.
d. Idan ta amsa tambayar yaya, yaushe ko ina game da aikin, bayanau ce.

Bayan haka, ka tabbatar jimlar cikakkiya ce, gajeriya, kuma ka ja layi a ƙarƙashin kalmar. Doguwar jimla ƙofar kuskure take buɗewa. Idan ka duba ƙamus, kada ka tsaya ga ma'ana ta farko, duba alamar ajin da ke gaban kowace ma'ana.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata, mun ga cewa kalma ba ta da tabbataccen aji sai ta shiga jimla. Mu ɗaliban Hausa muna da wata dama da wasu ba su da ita, domin mun saba kwatanta harsuna biyu ko uku. Ga ɗan aikin gida: a yi amfani da "round" a matsayin suna, sifa da aikatau, a jimloli uku, sannan a ba aboki ya gano wacce ce wacce ba tare da an gaya masa ba. Idan ya kasa, misalin ne ke da gyara.