Darasi Daga Gasar iPod Da Zune: Sayen Waƙa Ko Haya?

A 2003 kamfanin Apple ya buɗe shagon iTunes, inda masu iPod ke sayen waƙa ɗaya kan senti 99. A 2006 Microsoft ya fito da Zune, tare da tsarin biyan dala 14.99 duk wata domin sauraron waƙoƙi ba iyaka.

Masoya Zune suka ce wannan ya fi araha. Masoya iPod suka ce ai haya ce, ranar da mutum ya daina biya, waƙoƙin sun kulle.

Microsoft ya daina ƙera Zune a 2011, amma tsarin hayar bai mutu ba, irinsa Spotify ke bi yau. Don haka kafin mai waya ya biya kuɗin waƙa, ya fara duba ko mallaka zai yi ko haya.