Ciwon Ɓarin Kai: Shin Murɗa Ƙashin Baya Na Maganinsa?

Ciwon ɓarin kai shi ne wanda kan kama gefe ɗaya na kai, ya yi ta sara, tare da tashin zuciya da ƙin haske ko hayaniya. Yakan ɗauki awa 4 zuwa 72 kafin ya lafa, kuma ya fi damun mata. A ƙasar Hausa, mai wannan lalura yakan nemi wanzami ya yi masa ƙaho ko tsaga. A ƙasashen Turawa kuwa, wasu sukan je wurin masu kayirofiraktik.

Mene ne kayirofiraktik?

Hanya ce ta magani da Daniel David Palmer ya ƙirƙiro a jihar Ayowa ta Amurka a 1895. Shi a ganinsa, gocewar gaɓoɓin ƙashin baya ita ce tushen yawancin cututtuka. Don haka masu wannan sana'a sukan danna ƙashin baya ko su murɗa wuya farat ɗaya har ya yi ƙara. Aikin nasu ya ɗan yi kama da na maɗori, sai dai shi maɗori karaya da targaɗe yake dubawa.

Me gwaji ya nuna?

A 2017 aka buga sakamakon wani gwaji da aka yi a ƙasar Nowe kan mutum 104. An kasa su gida uku: na farko an yi musu murɗar gaske, na biyu an yi musu ta wasa ba tare da saninsu ba, na uku suka ci gaba da shan maganinsu. Duka ukun sun sami raguwar ranakun ciwo, kuma murɗar gaske ba ta fi ta wasa ba. Masu binciken suka ce mai yiwuwa sa rai da samun sauƙi ne ya yi aiki. Wannan ya dace da saninmu cewa ciwon yana tasowa ne daga ƙwaƙwalwa da jijiyar da ke ɗauko saƙon zafi daga fuska da kai. Haka kuma murɗar wuya kan iya tsaga jijiyar jinin da ke zuwa ƙwaƙwalwa har ɓarin jiki ya shanye, ko da yake hakan bai cika faruwa ba.

Darasi daga Zamfara

Ba kowane ciwon kai ne na ɓari ba. A 2010 aka gano gubar dalma a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, ciki har da Tungar Daji, sanadiyyar niƙa duwatsun zinare a cikin gidaje. Yara fiye da 400 suka rasu. Ciwon kai yana daga cikin alamun wannan guba, kuma gwajin jini ne ke tabbatar da ita. Zazzaɓin cizon sauro da sanƙarau da hawan jini su ma duk suna sa ciwon kai.

Saboda haka, ɗalibin da ciwon kai ya matsa wa ya riƙa rubuta ranar da ya taso da abin da ya ci da yadda ya yi barci, ya kai wa likita. In kuwa da zazzaɓi da sanƙarewar wuya, a garzaya asibiti nan take.