Jingina Da Amsa Ƙara A Gaban Alƙali

Manomi a Bodinga ko Shagari yakan jinginar da gonarsa saboda bashi, daga baya sammaci ya iske shi, ga shi ba lauya. Wajibi ne ya san kalmomi uku kafin ya buɗe baki.

Da'awa ita ce abin da mai ƙara ya faɗa. Iƙirari kuwa shi ne ka ce "haka ne", kuma wanda ya yi iƙirari da haƙƙin wani ba shi da damar janyewa. Don haka kada kunya ko kwarjinin majalisa su sa ka gaskata da'awa ɗungurungum. Rarrabe ta: bashin na amsa, adadin na musa.

Idan mai ƙara ya ce gonar ta zama tasa don ajali ya wuce, ka sani a mazhabar Imamu Malik wannan sharaɗi ɓatacce ne, ko da an rubuta shi a takarda. Sai dai alƙali ya sa a sayar, a biya bashin, rarar ta dawo maka.

Ta uku ita ce i'izari, wanda Tuhfa ta Ibnu Asim ta yi bayaninsa: kafin hukunci alƙali zai tambaye ka ko kana da sauran hujja. Idan shaidunka suna nesa, nemi a ba ka lokaci, kada ka ce babu.