Hotunan Shafina Sun Ƙi Fitowa Bayan Na Ɗora Shi A Intanet

Tambaya: Ni ɗalibi ne mai koyon gina shafin intanet. Na haɗa wa shagon ɗinkin yayana shafi, a kwamfutata komai ras, hotunan kaftani da huluna suna fitowa. Da na ɗora shi a kan saba sai rubutu kawai ya fito, babu hoto ko ɗaya, alhali na ga fayilolin a can da idona. Ina matsalar take? Daga wani ɗalibi a Zariya.

Amsa: Ɗan'uwa, kwantar da hankalinka, hotunanka suna nan. Kwatancen da ka yi wa burauza ne bai kai ta inda suke ba.

Idan ka aiki yaro gidan wani ya kasa ganewa, zai tsaya ya tambayi mai shayi ko mai kanti. Burauza ba ta tambayar kowa. Adireshin da aka rubuta mata shi take bi harafi bayan harafi. Idan mutum ya buɗe shafinka, abin da saba take fara miƙo masa shi ne fayil ɗin index.html, kuma babu hoto a cikinsa, sai adireshin hotuna. Burauza tana karantawa daga sama, duk inda ta ci karo da adireshi sai ta sake komawa wurin saba ta roƙi wannan fayil shi kaɗai. Hoto 20, zuwa 20 ke nan, ban da fayil ɗin CSS mai tsara launi da na JavaScript. Wanda saba ta duba ba ta gani ba, sai ta amsa da lamba 404.

To daga ina ake fara ƙirga hanyar? Nan ne mafi yawan masu koyo suke tuntuɓe. Idan ka rubuta hotuna/kaftani.jpg, tamkar ka ce wa baƙo "gida na uku a hannun dama" ne. Kwatancen daidai ne, amma ga wanda yake tsaye inda kake. Burauza tana farawa daga foldar da shafin yake ciki. Da zarar ka mayar da shafin cikin wata folda mai suna kaya, sai ta tafi neman kaya/hotuna/kaftani.jpg, wurin da babu komai. Alamar ../ tana nufin a ja da baya folda ɗaya. Idan kuwa ka fara adireshin da sanda, wato /hotuna/kaftani.jpg, ka ce mata ta koma zaure ta faro daga can, ko daga wane ɗaki aka aike ta. Zauren nan shi ne public_html ga mai amfani da cPanel, htdocs ga mai XAMPP, /var/www/html kuma ga Apache a kan Ubuntu. Adireshin da ya fara da C:\Users kuwa na cikin kwamfutarka ne, ba ya kai kowa ko'ina sai kai.

Ni dai zargina ya fi ƙarfi a kan haruffa. A wurin Windows, Kaftani.JPG da kaftani.jpg fayil ɗaya ne. A wurin Linux, wanda yawancin sabobi suke aiki da shi, fayiloli biyu ne da ba su haɗa komai ba. Kyamarori da dama suna ajiye hoto da manyan haruffa, kai kuma ka rubuta da ƙanana, Windows ta rufa maka asiri, Linux ta tona. Ka mayar da sunayen duka ƙananan haruffa, ka cire tazara. Ina son a riƙa rubuta Hausa da ƙugiyarta, amma ban da sunan fayil: a cikin adireshi tazara tana komawa %20, harafin ƙ yana komawa %C6%99, kuma wajen ɗorawa wani lokaci sunan yakan gurɓace.

Akwai kuma ɗan aike na biyu da za ka haɗu da shi nan gaba, wato manhajar da take aiki a cikin sabar kanta. Ita ba ta bin adireshin intanet, foldojin na'urar take bi, kuma inda take tsaye ya danganta da inda aka tashe ta. Shi ya sa masu PHP suke amfani da __DIR__, wanda ya zo da PHP 5.3 a 2009, don a ƙirga daga inda fayil ɗin yake zaune. Masu Java suna ajiye fayilolin da manhajar kaɗai take karantawa a WEB-INF, foldar da burauza ba ta da ikon leƙawa. Wannan ka riƙe shi da kyau: duk abin da ka zuba a public_html, wanda ya san sunansa yana iya roƙonsa. Fayil mai ɗauke da kalmar sirri, a waje ake ajiye shi.

Yanzu ka buɗe shafin a Chrome ko Firefox, ka danna F12, ka shiga Network, ka sake lodawa da Ctrl da F5 tare don kada burauza ta nuna maka tsohon abin da ta adana. Ka duba layukan da suka nuna 404, ka karanta adireshin da ta nema, ka gwada shi da sunan da yake kan saba harafi da harafi. Idan 403 ka gani, fayil ɗin yana nan, izinin karanta shi ne babu. Ka gwada ka sake rubuto mana. Allah Ya ba da sa'a, a gaida yayan naka.