Darasin Kasuwanci: Ƙetare Iyaka da Mota Ga Mai Ƙaura

A duk shekara akwai 'yan kasuwa da ma'aikata da ke tattara iyalinsu su koma wata ƙasa da zama, wasu daga Kano zuwa Maraɗi ko Yamai, wasu kuma daga Kwatano, Akara ko Turai zuwa gida Nijeriya. Da yawa daga cikinsu kan ɗauka mota ma kayan gida ce, kamar gado da tukwane, sai sun isa gaban ma'aikatan kwastan su tarar doka ba ta ɗauke ta haka ba. A wurin hukuma mota haja ce mai kuɗin fito, kuma abin da ake fara tambaya shi ne: baƙuwa ce za ta koma, ko kuwa ta zo zama ne?

Motar da ta zo baƙunta

Yarjejeniyar zirga-zirga da ƙasashen ƙungiyar ECOWAS suka sa wa hannu a Dakar a 1979 ta yarda motar gida mai rajista a wata ƙasa ta ƙungiyar ta shiga wata ta zauna har kwana 90. Motar haya mai ɗaukar fasinja kuwa kwana 15 aka ba ta. Sharaɗin shi ne mai motar ya nuna lasin tuƙi mai aiki, da takardar mallakar mota, da inshorar da ƙasashen suka amince da ita, da kuma takardar kwastan ta shigowar wucin gadi.

Inshorar da ake nufi ita ce katin nan mai ruwan ƙasa na ECOWAS, wanda aka kafa tsarinsa a Kwatano a 1982. Amfaninsa shi ne idan mota ta yi wa wani ɓarna a ƙasar da ba tata ba, a sami inda za a biya diyya. Wanda ya nufi Kamaru ko Chadi ya sani cewa waɗannan ƙasashe na ƙungiyar CEMAC ne, kuma nasu katin daban ne, mai ruwan hoda. Takardar kwastan kuwa, a ƙasashe masu amfani da Faransanci ana kiranta lesefase, a bakin iyaka ake yankarta, kuma a jikinta ake rubuta ranar da izinin zai ƙare.

A nan ne masu ƙaura suka fi faɗawa cikin asara. Mutum ya shiga da takardar baƙunta alhali zama ya zo yi, kwanaki su cika, ya ci gaba da hawa motarsa da lambar ƙasar da ya baro. Daga ranar da wa'adin ya wuce, motar ta zama kayan da ba a biya wa fito ba, kuma hukuncinta ɗaya da na kayan fasa-ƙwauri: a kama, a ci tara, ko a ƙwace a yi gwanjonta.

Motar da ta zo zama

Ɗan Nijeriya da ya zauna a waje na aƙalla wata tara yana da damar shigo da kayan amfaninsa da na gidansa da ya riga ya yi aiki da su ba tare da biyan fito ba. Sai dai ƙa'idar ta ware mota daga cikin kayan matafiyi. Ko shekara goma mutum ya yi yana hawanta, zai biya kamar yadda dillalin mota zai biya. Masu sassauci na musamman su ne irin jami'an jakadanci, bisa yarjejeniyar Biyana ta 1961, kuma nasu ta hannun ma'aikatar harkokin waje yake bi.

Kafin a kai ga maganar kuɗi akwai shingaye uku. Na farko shekarun mota. An daɗe ana amfani da iyakar shekara 15 daga shekarar ƙira, sai a 2022 aka rage ta zuwa shekara 12. Na biyu ɓangaren sitiyari. Tun ranar 2 ga Afrilu 1972 Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama, saboda haka mota mai sitiyari a dama, irin ta Ingila da Japan, ba ta dace da ƙa'idar hanyoyin ƙasar ba. Mai dawowa daga Landan ya fi dacewa ya sayar da tasa can.

Na uku shi ne hanyar shigowa. Daga ranar 1 ga Janairu 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci, sababbi da tsofaffi, ta iyakokin ƙasa, ta mayar da harkar tashoshin jiragen ruwa irin su Tin Can da Apapa a Legas. Wannan mataki ya girgiza cinikin motocin Kwatano, wanda dubban mutane ke ci daga gare shi. A watan Agusta 2019 aka rufe iyakokin ƙasa, sai a Disamba 2020 aka buɗe Seme, Illela, Maigatari da Mfum, sannan a Afrilu 2022 aka ƙara da Idiroko, Jibiya, Kamba da Ikom. Buɗe iyaka ga mutane da kaya dabam, izinin biyan fiton mota a wurin dabam. Don haka wajibi ne mai ƙaura ya samu tabbaci daga ofishin kwastan na shiyyar da zai bi tun motar ba ta baro inda take ba.

Yadda lissafin yake

A 2022 Hukumar Kwastan ta fara ƙimanta motoci ta hanyar lambar jikin mota mai harufa da alƙaluma 17, wadda ke nuna kamfani da samfuri da shekarar ƙira. Ma'anar wannan ita ce rasit ɗin da mutum ya riƙo ba shi ne ke yanke darajar motar ba. A wannan shekara kuɗin fiton tsohuwar mota ya kasance kashi 20 cikin ɗari, da ƙarin harajin kashi 15, sai harajin sayen kaya na kashi 7.5 da ya fara aiki a Fabrairu 2020.

A ɗauki misalin motar da aka ƙimanta dala 10,000 bisa waɗannan alƙaluma. Fito dala 2,000 ne, ƙarin haraji dala 1,500, harajin sayen kaya a kan jimlar kuma ya ɗan haura dala 1,000. An tashi da kimanin dala 4,500 ke nan, ban da ƙananan caje-caje, da kuɗin tasha, da ladan ejan. Wato kusan rabin kuɗin motar.

Ana biya da naira ne bisa farashin canjin da kwastan ke amfani da shi a ranar. Kafin Yuni 2023 dala ba ta kai naira 500 ba a lissafin hukuma, amma a farkon 2024 ta haura naira 1,500. A farashin naira 450, wancan dala 4,500 naira miliyan biyu ce da 'yan kai. A farashin 1,500 kuwa ta zama miliyan shida da dubu ɗari bakwai da hamsin. Mota ɗaya, doka ɗaya, amma nauyin ya ninka uku.

Mai fita daga Nijeriya

Wanda zai koma Nijar, Benin ko Ghana da zama, shi ma irin wannan hukunci zai tarar a can: ya biya fiton ƙasar, ya yi sabuwar rajista, ya karɓi lambarta. Ya kamata kuma ya lura da sauyin siyasa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 an rufe iyakar Nijeriya da Nijar har zuwa Maris 2024, sannan a ranar 29 ga Janairu 2025 ficewar Nijar, Mali da Burkina Faso daga ECOWAS ta tabbata. A ranar ƙungiyar ta nemi ƙasashenta su ci gaba da mutunta takardun tafiya da zirga-zirgar 'yan ƙasashen uku har sai an yanke sabon tsari. Abin da ya rataya a kan irin wannan rangwame yana iya sauyawa cikin ɗan lokaci, saboda haka bai kamata a gina lissafin dukiya a kansa ba.

Abin lura

Takardun da ba a wasa da su su ne: takardar mallaka da sunan mai motar, rasit ɗin saye, takardar jirgin ruwa idan ta teku ta zo, da shaidar biyan fito daga banki. Lambar jikin mota da ta inji su yi daidai da abin da ke rubuce, domin harafi ɗaya da ya saɓa kan sa a zargi motar da sata. A yi hulɗa da ejan mai lasin kwastan, kuma a je ofishin hukumar a tabbatar kuɗin ya shiga, domin takardar bogi ba ta kare mota a kan hanya, ko da a hannu na uku take.

Bayan haka sai a zauna da alƙalami. A haɗa kuɗin ɗauko motar da na fito da na rajista, a ɗora a kan abin da za a samu in an sayar da ita a inda take, a gwada da farashin irinta a kasuwar ƙasar da za a koma. Idan jimlar ta zarce, riba tana ga wanda ya sayar ya ƙetare iyaka da kuɗinsa.