Tawadar Zaɓe: Me Ya Sa Sabulu Ba Ya Wanke Ta?

Ƙasar Indiya tana da majalisar dokoki mai zauruka biyu. Zauren da talakawa ke zaɓa kai tsaye shi ne Lok Sabha, mai kujeru 543. A zaɓen shekarar 2024, mutane kusan miliyan 970 ne suka yi rajista, aka kuma kaɗa ƙuri'a a zango bakwai, daga 19 ga Afrilu zuwa 1 ga Yuni. To, a cikin irin wannan taro, yaya za a hana wanda ya yi zaɓe da safe ya sake shiga layi da yamma? Maganin da Indiya ta dogara da shi tun 1962 shi ne ɗigon tawada a manunin hannun hagu.

Masana na ɗakin binciken kimiyya na ƙasa da ke Delhi ne suka haɗa wannan tawada, kamfanin Mysore Paints and Varnish na jihar Karnataka kuma shi ke sarrafa ta, yana sayar wa ƙasashe da dama. Jigonta shi ne sinadarin azurfa da ake kira silba naitiret. Launin shuɗi-shuɗin da ake gani tun farko rini ne kawai, an zuba shi domin ma'aikacin zaɓe ya ga inda ya shafa. Ainihin aikin yana faruwa ne daga baya.

Gumin ɗan Adam yana ɗauke da gishiri. Idan sinadarin azurfar ya gamu da wannan gishiri, sai su haifar da silba kuloraid, wanda ba ya narkewa a ruwa. Da hasken rana ya sauka a kansa sai ya rikiɗe ya zama ƙananan ɓarɓashin azurfa, baƙi ƙirin, maƙale a cikin fata. Irin wannan rikiɗa ce ake amfani da ita a fim ɗin ɗaukar hoto na da. Ke nan tabon ba a bisa fata yake ba, balle sabulu ko kananzir su ɗauke shi. Ya riga ya shiga cikinta.

Amma me ya sa yake gushewa daga baya? Nan ne ilimin halittu ya shigo. Saman fatar mutum matattun ƙwayoyin halitta ne, cike da wani furotin mai tauri da ake kira keratin. Kullum sababbin ƙwayoyi suna tasowa daga ƙasa, tsofaffin suna zubewa, har fatar ta sabunta cikin kamar mako huɗu. Tabon yana tafiya tare da matattun ƙwayoyin da ya kama. Farce kuwa ba ya zubewa haka. Tsiro yake yi, kimanin milimita 3 a wata, don haka tabon kan daɗe a kansa watanni, yana matsawa gaba har a yanke shi. Duk wadda ta taɓa ƙunshi ta san wannan: lallen tafin hannu yakan koɗe da wuri, na farce kuwa sai ya tsiro ya fita.

Malamin da ke da ɗakin gwaji zai iya nuna wa ɗalibai wannan cikin sauƙi. Ya ɗiga silba naitiret a ruwan gishiri, farin gari zai sauka a ƙasan kwalba. A ajiye ta a rana, garin zai yi duhu. Sai dai a sa safar hannu, domin sinadarin mai ƙarfi yana ƙona fata, yana kuma da haɗari ga ido.

Dabarar tana da rauninta. A zaɓen shugaban ƙasar Afganistan na watan Oktoba 2004, an ga tawadar tana gogewa daga yatsun masu zaɓe a wasu rumfuna. Kafin rana ta faɗi, 'yan takarar da ke hamayya da Hamid Karzai suka ce ba su yarda da zaɓen ba, sai da aka kafa kwamitin bincike kafin ƙurar ta lafa.