Kanwa da Taki: Wace Kalma ta Dace da "Rezonans" a Hausa?

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan ɗan rubutu ita ce a dubi wani darasi na ilmin kemistiri wanda malamai kan fassara wa ɗalibansu da Hausa idan Turanci ya ci tura, watau abin da ake kira rezonans. Na sha jin ana fassara shi da "amsa-kuwwa" ko "kai-da-komo". Zan nuna cewa wannan fassara ɓatar da ɗalibi take yi, sannan in ba da shawarar wadda ta fi. Misalaina kuwa daga ƙasar Wurno da Rabah da Goronyo na ɗebo su.

2.0 Cajin Lissafi

Duk wanda ya shiga kasuwannin waɗannan garuruwa zai ga kanwa, wadda mata ke jefawa a miyar kuɓewa, makiyaya kuma ke ba dabbobinsu. Ƙarfin kanwa daga sinadarin kabonet yake, watau ƙwayar zarra ɗaya ta kabon da ƙwayoyi uku na oksijin kewaye da ita. A shekarar 1916 Gilbert Lewis na Amurka ya bayyana cewa ƙwayoyin zarra kan ɗaure da juna ta hanyar tarayya a kan elektaron, biyu ga kowane ɗauri. Bisa wannan ƙa'ida, akan zana kabonet da ɗauri biyu tsakanin kabon da oksijin guda, da ɗauri ɗai-ɗai ga sauran biyun.

Daga nan sai a yi rabo a takarda, kamar manoma biyu da suka haɗa kuɗi suka sayi injin ban-ruwa aka rubuta wa kowa rabi. A ɗauki elektaron ɗin da ƙwaya ta zo da su, a ɗebe waɗanda ta riƙe ita kaɗai, a kuma ɗebe rabin na tarayya. Abin da ya rage shi na kira cajin lissafi. Ga yadda yake a kabonet:

(a) Kabon: 4 − 0 − 4 = 0
(b) Oksijin mai ɗauri biyu: 6 − 4 − 2 = 0
(c) Kowace oksijin mai ɗauri ɗaya: 6 − 6 − 1 = −1

Jimla ta zama −2, wanda shi ne cajin kabonet gaba ɗaya.

3.0 Inda Gizo ke Saƙa

To, amma wace oksijin ce mai ɗauri biyun? Ana iya ba kowace daga cikin ukun, saboda haka zane uku ake samu. Da a ce ɗaya daga cikinsu ne gaskiya, da ɗauri guda ya fi sauran gajarta, domin tsawon ɗauri ɗaya kimanin fikomita 143 ne, na biyu kuwa kimanin 121. Amma da aka auna sai aka tarar duka ukun tsawonsu ɗaya, kimanin 129. Cajin nan na −2 ma rabuwa ya yi daidai, kowace oksijin ta sami kashi biyu bisa uku na −1. Linus Pauling ne ya yaɗa wannan bayani da sunan rezonans a farkon shekarun 1930.

A nan fassarar "kai-da-komo" take yin ɓarna, don ɗalibi zai zaci kabonet na sauyawa daga wannan zane zuwa wancan. Alhali kuwa siffa ɗaya gare shi kullum. Alfadari ba ya kwana doki ya tashi jaki. Ko wannan misali ma da sauransa, domin doki da jaki akwai su, amma zanen nan uku a takarda kaɗai suke.

4.0 Misali daga Fadama

Manoman shinkafa da albasa da tafarnuwa da ke shan ruwan Rima, musamman tun da aka kammala madatsar Goronyo a 1984, suna zuba takin yuriya. Ƙananan halittu na cikin ƙasa kan juya shi ya zama naitiret, wanda tsarinsa irin na kabonet ne, sai dai naitirojin ce a tsakiya. Lissafinta shi ne 5 − 0 − 4 = +1. In aka haɗa da −2 na oksijin biyu, jimla −1 ke nan. Shi kansa laka cajinsa na ƙasa da sifiri ne, don haka ba ya riƙe naitiret, ruwa mai yawa sai ya wanke shi. Wannan na daga cikin dalilan da malaman gona ke cewa a raba taki kashi-kashi, kada a zuba shi lokaci guda.

5.0 Kammalawa

Christopher Ingold na Ingila ya kira wannan al'amari da suna mai tushe daga kalmar Girkanci da ke nufin "tsakiya". A ganina wannan ya fi kusa da ma'ana. Saboda haka nake ba da shawarar a ce "tsarin tsaka-tsaki", su kuma zanen a ce "zanen kwatance". Abin lura ga ɗaliban Hausa shi ne, mai ƙirƙirar kalma ya fara fahimtar abin kafin ya raɗa masa suna. Ina fata malamaina da 'yan'uwana ɗalibai za su auna wannan shawara, su gyara inda na kuskure.